Bindiga Ɗaya, Ciniki Uku

Kakana maharbi ne a gindin duwatsun Kagoro, kuma da ya rasu bai bar mana shanu ko gidan haya ba. Bindigogi huɗu ya bari, irin harba-ka-ruga, dogaye, masu gindin katako da hannu ya goge har ya yi santsi. An naɗe ɗaya da fatar gada, an jera wa wata kuɗin wuri a jikin maɗauri. Mahaifina ya gaje su bai taɓa harba ko ɗaya ba, shi malamin firamare ne, alli ya sani. Da shi ma ya tafi, suka ci gaba da kwana a saman silin ɗakin mama, cikin tsohon buhun taki.

Shekarar da cuta ta faɗa wa citta ce ta sauko da su. Gonar mama ta ruɓe a cikin ƙasa kamar ta kowa daga nan har Kwoi, kuma da lokacin shuka ya matso, buhun iri ya yi tsadar da a da za a sayi tsohon babur. Mama ba ta da wata sana'a bayan citta. Idan ruwan farko ya sauka ba ta da iri, shekarar ta wuce ta ke nan. Ni kuma na dawo daga bautar ƙasa da digiri a fannin kasuwanci da ɗan abin da na tara na alawus, ina zaune ina jiran ƙasar ta tuna da ni.

Ni na kawo shawarar a sayar da bindigogin. Gara in faɗa tun yanzu, domin a gidanmu akwai masu tuna mini idan na manta. Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum a Jos mai sayen tsofaffin kaya yana ƙawata bangon otal da su. Na tura masa hotuna, ya ce zai iya ba da dubu sittin a kan kowace. Mutum mai hankali zai ce masa zo ka ɗauka. Amma ni na yi karatu. An koya mana cewa mai saye ɗaya shi ke yanka farashi, kuma idan ana son a san darajar abu, sai a tara masu so su yi takara. Na bayyana wa mama haka da misalai. Ta dube ni ta ce, "To, mai digiri, kai ka sani."

Sai na fara da bin doka, domin ni mutum ne da ko babur ya taka ni sai na fara tambayar kaina ko ni ne da laifi. Na je wani ofishi a Kafanchan na ce ina da tsofaffin bindigogi, ina so in sayar ba tare da na shiga uku ba. Suka karɓe ni da mutunci ƙwarai. Fom dubu biyar. Wanda zai zo ya duba su da idonsa, kuɗin mai dubu bakwai, ko da yake a bayan babur ɗin ƙanen babana ya je ya dawo. Ban ce kuɗin ba sa bisa ƙa'ida ba, rasit ne dai ban gani ba, wataƙila littafin ya ƙare a ranar. Sharaɗinsu shi ne a toshe kowace bindiga yadda ba za ta sake tashi ba. Mai walda ya karɓi dubu uku-uku don ya kashe abin da tsatsa ta riga ta kashe tun kafin a haife ni.

Daga nan dattawan maharba suka aiko. Ba a fitar da bindigar maharbi daga gidansa haka kawai, sai an sallame ta. Na tambayi yadda ake sallamar bindiga, aka ce da zakara da tulun burkutu. Mama shugaba ce a zumuntar matan majami'a, ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba. Na biya a bayan gida. Kanofi da kujerun roba hamsin suka cinye ragowar alawus ɗin.

Saura mai yin gwanjon. A duk yankinmu mutum ɗaya ne aka sani da wannan aiki, wani dattijon majami'armu, tsohon hedimasta, wanda shi ke riƙe ƙararrawa kowace shekara ranar godiyar amfanin gona. Na sha ganinsa ya sayar da doya guda a kuɗin akuya. Na ce a raina, wanda ya yi wa doya haka, me zai yi wa bindiga mai tarihi?

Ya ce ladansa kashi goma cikin ɗari. Saboda taka-tsantsan na ce a rubuta. Na zauna na tsara yarjejeniya da hannuna, na sake ta sau uku, na sa cewa zai karɓi kashi goma na duk farashin da ya buga ƙararrawa a kai. Na zaɓi kalmomin ne don kada ya ce zai ci lada a kan tayin da ba a sallama ba. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ɗago ya ce, "Yarona, ka yi makaranta." Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ranar Asabar aka yi, da hantsi, a ƙofar gidanmu. Kujeru hamsin ba su isa ba. Mutumin Jos ya zo da mota, ya zauna a gaba da jaka a kan cinya. Ni ina gefe da sabon littafi da biro biyu, ko ɗaya zai ƙi rubutu. Baba hedimasta ya buɗe da addu'a mai tsawo, ya ba da tarihin kakana har da wata damisa da ban taɓa jin labarinta ba, sannan ya ɗaga mai fatar gada.

Baƙon ya ce dubu arba'in.

"Dubu arba'in daga Jos!" in ji Baba. "Jama'a, kun ji? Bindigan babanmu zai hau mota yau. Ba maza a garin nan ne?"

Ƙanen babana, wanda na san ranar Laraba ya ari kuɗin cajin waya a wurina, ya miƙe ya ce hamsin. Baƙon ya ce sittin. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ce tamanin, matarsa ta yi guɗa. Baƙon ya duba jakarsa ya ce tamanin da biyar. Zuciyata ta fara lissafin mudun iri. Sai ƙanen babana ya cire hula ya buga a gwiwa.

"Dubu ɗari da hamsin! Ina raye ba za a rataye ubana a wurin shan giya ba!"

Ƙararrawa ta yi ƙara. Aka tafa. Ya fito ya karɓi bindigar, ya ɗaga ta sama aka ɗauke shi hoto, sannan ya juya ya miƙa wa Baba hedimasta da hannu biyu.

"Na bar wa gidan."

Aka sake tafawa, wannan karon har da ganga.

A nan ya kamata in bayyana abin da na sani tun ina yaro amma digiri ya rufe mini. A gwanjon majami'a ba doyar ake saye ba. Mutum yana taya ta ne don a ji muryarsa, idan ta faɗa masa sai ya ce ya bar wa Ubangiji, a sake ɗaga ta wani ya taya. Kuɗin kuma alkawari ne, ana rubutawa a littafi, a biya bayan girbi, ko bayan girbin da ke bayan wannan. Mutanen nan ba su taɓa ganin wani irin gwanjo ba. Sun ga kanofi, sun ga ƙararrawa, sun ga mai ƙararrawa, sai suka yi abin da suka saba.

Baba ya sake ɗaga bindigar. Ta tafi a ɗari da ashirin wurin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan, aka bar wa gidan. Ta tafi a casa'in, aka bar wa gidan. Na lallaɓa na je kusa da kunnensa.

"Baba, ina ganin kamar, wataƙila, ya kamata a ce wanda ya saya ya biya yanzu."

"Kai, zauna ka rubuta. Kana so ka kunyata manya a gaban baƙo?"

Na zauna na rubuta. Rubutuna yana da kyau, kowa ya shaida.

A bindiga ta biyu baƙon ya kai dubu saba'in, wata gwaggona da ke sayar da ƙosai ta ce ɗari. Ya juyo ya dube ni. Na yi masa alamar ya yi haƙuri, ban san me ya fahimta ba. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya shiga mota. Jama'a suka raka shi da shewa kamar an kori kura daga garke. Mutum ɗaya tilo da ya zo da kuɗi a jaka ke nan.

Da aka tashi na haɗa jimla sau biyu. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari aka yi ciniki. A cikin kwanon da aka ajiye a gaba akwai dubu goma sha bakwai da ɗari biyar, har da wata ɗari biyu da aka liƙe da salatif. Bindigogi huɗu suna jingine a bango inda suka kwana. Mutane suna ta zuwa suna taya mama murna, wai ba a taɓa gwanjo mai albarka irin wannan ba.

Baba hedimasta ya jira aka kwashe kujeru, sannan ya zaro takardata daga aljihun gaba.

"Dubu ɗari da goma ne nawa, in ban manta lissafi ba."

"Baba, ai ba a biya ba. Kuma kayan suna nan."

"Karanta mini inda ka ce sai an biya."

Na karanta. Na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama. Babu kuskure ko ɗaya a takardar, na tsara ta yadda ba mai iya zamewa, kuma ga shi ban iya ba. Ya ce saboda marigayi mahaifina abokinsa ne ba zai matsa mana ba, zai ɗauki abin da ke cikin kwano da bindigogi biyu a rufe magana. Ya zaɓi mai fatar gada da mai wuri. Ban ce ya kai su Jos ba. Abokina ne ya turo mini hoton bangon wani otal bayan wata biyu, kuma bindiga tana kama da bindiga, gada ma ba ɗaya ba ce a duniya.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Da yamma ta ce in ba ta littafin. Na ce mata, a iya fahimtata, alkawarin baki irin wannan da wuya ya tsaya a gaban alƙali.

"Wa ya ce maka wurin alƙali za ni?"

Washegari bayan sujada ta ɗaura ɗankwalin zumunta, ta ɗauki babban kwano, ta ce in biyo ta da littafin. Gidan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa muka fara shiga, lokacin suna cin abinci da baƙi. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikoki, sannan ta ce, "Mai digiri, karanta wa babanka abin da ya faɗa jiya a gaban jama'a."

Na karanta da ƙaramar murya. Dubu ɗari da ashirin.

"Mama, ai kin san yadda shekaran nan yake," in ji shi.

"Na sani. Shi ya sa ban zo neman kuɗi ba. An ce cutar ba ta taɓa gonarka ta kan tudu ba."

Ya dubi baƙinsa, baƙin suka dubi tuwo. Matarsa, mai guɗar jiya, ta shiga ciki ta fito da mudu uku na irin citta, ta zuba a kwanon.

Haka muka yi gida goma sha ɗaya cikin Lahadi uku. Mama ta san wanda ya ɓoye iri a rami da wanda surukinsa ya kawo masa daga wani gari, kuma ta san lokacin da kowane gida ke da baƙi. Wasu sun ba da mudu, wasu rabi. Gwaggo mai ƙosai ta ce ita Ruhu Mai Tsarki ne ya sa ta magana, ta ba mu ƙosai. Ƙanen babana ya ga mun nufo gidansa ya fita ta baya, sai mama ta zauna a kan turminsa ta ce in karanta wa matarsa da maƙwabta, da ƙarfi, har sau biyu. Ya aiko da mudu huɗu da aikin kwana biyu a gona.

Abin da muka tara bai kai buhu ba. Mama ta yanka shi ƙanana fiye da yadda ta saba, kowane yanki da idonsa ɗaya, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Sauran ta zuba masara. Ruwa ya sauka kwana huɗu bayan mun gama rufe kunyoyin da ciyawa. Ina tsaye a bakin gona na fara gaya mata cewa idan aka yi la'akari da komai, ba lallai a kira abin asara kai tsaye ba. Ta miƙo mini lauje ta ce ciyawar da ke kan kunyoyin gefen rafi ba ta isa ba, in je in ƙaro.