Juma'o'in da matata take ƙirgawa

Aji huɗu na yi a boko aka cire ni, amma wanda ya shekara ashirin yana auna yadi a kasuwar Marché Congo ba a koya masa ƙirga.

Haka kawai matata za ta ɗaure kaya, ta kwashi yaranmu biyu daga unguwarmu New Bell, wai za ta duba innarta a Japoma. Sati biyu ta dawo. Zuciyata ta ba ni akwai namiji. Sai na fara jan layi da allin tela a ƙarƙashin teburin shago, kowace Juma'a layi ɗaya, ranar tafiyarta kuma in zagaye. Tsakanin ta farko da ta biyu Juma'a tara. Sannan takwas. Sannan bakwai.

Na tare ta da hantsi tana wanke-wanke a bakin famfo.

"Ke, wane ɗan iska ne a Japoma da kike rage masa sati guda kullum?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ashe kai ma ka ƙirga, maigida. To ba tafiyata kake ƙirgawa ba, ciwonka ne."

"Wane ciwo? Tu es folle? Kin haukace ne?"

"Ni kuma? Kwana uku kafin ya zo sai ka daina cin abinci, ka yi ta zuba kamar rediyo, wai kasuwar duka za ka saya. Bara ka ɗauko almakashin shago ka yanka rigar makarantar ƙaramar, tana jikinta, kana dariya. Ka tuna?"

Ban tuna ba. Abin da nake tunawa na waɗannan kwanaki daɗi ne, jiki sakayau, kai tar. Ashe unguwa duka ta sani, har mai shayin bakin masallaci. Munafukai, kullum sai "ya kasuwa, ya iyali."

Likita ya ba ni ƙwayoyi, ya ce irin wannan ciwo ba ya bin lissafi daidai haka, in daina ƙirga. Shi ai ba da hannunsa aka yanka rigar ba. Na sha maganin, abin ya zo a Juma'a ta shida. Tara, takwas, bakwai, shida. Ko jaki ya san inda wannan hanya ta nufa.

Bayan wannan, a Juma'a ta huɗu na tashi ban ji yunwa ba, jikina na min daɗi. Na ce wa matata ta ɗaure kaya.

"Da sauran sati fa, maigida."

"Ɗaure, na ce."

Da kaina na fita titi cikin yayyafi na tsayar masu da babur biyu. Na miƙa hannu zan ɗaga ƙaramar, ta noƙe ta hau da kanta. Na ce wa uwar kada su dawo sai na aiko.

Wata na uku ke nan ban aika ba.