Takalman da Ke Cikin Bangon Gidan Hollin

Jama'a, a cire hula, a gyara tsayuwa! Ga Ambrose Tuckwell, sarkin maginan ƙauyenmu, mai haƙora huɗu da guduma tara, wanda bai taɓa dariya ba sai ranar da na faɗo daga kan tsani. Kawuna ne, yayan mahaifiyata.

Shekara hamsin da ɗaya yana gyaran gida guda, Gidan Hollin da ke bayan coci. Ubansa a can ya ƙare, kakansa ma haka. Gidan kuwa gidaje ne aka cusa cikin juna. Cikinsa baƙin katako ne na shekara ɗari biyar. Wani mai gida ya zo ya rufe masa fuska da jan bulo, wani ya toshe tagogi uku, wani ya raba falon biyu ya ɗora bene a kai. Akwai ƙofar da in ka buɗe ka kutsa kai, bango ne zai gaishe ka. Na gwada.

Bara sabuwar mai gidan, Madam Delacourt, ta ce a fasa gefen murhun jin ɗumi na falo a wuce da bututun ruwan zafi. Kawu ya zare bulo shida, ya zura hannu, ya fito da takalma bakwai, duk na ƙafar hagu, duk sun sha tafiya. Al'adarmu ce, maginin da ya taɓa jikin gida, ranar da zai ajiye aiki sai ya bar tsohon takalminsa a bango. Na bakwai ɗin na mahaifinsa ne.

Madam ta yi murna, ta zuba su a kwali, wai za ta kai gidan tarihi.

"Madam, a mayar da su," in ji Kawu. "Su ke danne tsohon gidan."

"Danne shi daga me, Mista Tuckwell?"

"Daga tashi."

Na yi dariya har shayi ya biyo min ta hanci. Na ce, "Kawu, gida ne ko kwaɓin burodi?"

Ya ce ba zai ɗora bulo ko ɗaya ba sai takalmin ubansa ya koma mazauninsa. Madam ta ba shi zuwa Juma'a, in bai rufe ramin ba ta sallame shi ta kira magina daga birni.

Ranar Talata da tsakar rana, shatin wata ƙofa ya ɓullo a bangon falo ta cikin sabon fenti, a jiƙe. Laraba na je taya Kawu cin burodi da cuku, wanda shi ne kaɗai aikin da na iya. Muna zaune a falon sai muka ji ana hawa matakala a hankali, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Matakalar gidan tana can gabas. Wannan takun daga tsakiyar falo yake tashi, inda ta farko take kafin a cire ta shekara ɗari biyu da suka wuce. Ya kai sama, ya tsaya daidai bisa kanmu. Na ajiye burodin.

Alhamis da safe Madam ta kawo kwalin da kanta. Ta ajiye shi, ta koma cikin mota ta zauna.

Kawu ya shiga jera su a ramin, ina ƙirgawa da ƙarfi don tsokana. Biyar, shida, bakwai. Sai ga ɗaya ya rage a kwalin. Baƙin takalmin aiki ne mai jar igiya, igiyar da ni na sayo masa wata guda kafin nan, amma ya sha toka da saƙar gizo-gizo kamar ya shekara ɗari a bango. Na dubi ƙafar Kawu, takalman roba na lambu ya saka.

"Kawu! Wannan ai naka ne! Wa ya sa shi? Ka san me ake nufi kuwa?"

Ya juya shi, ya hure tokar, ya tura shi kusa da na ubansa.

"Dama yana matsa min yatsa," in ji shi. "Kauce, ka tare min haske."