Bakunan da Nu'umanu Ya Bari

Tun shekarar annoba da aka rufe Harami, muna kallon farin daɓen ɗawafi a talabijin ba kowa a kai sai tattabaru, ban ƙara jin shiru mai nauyi irin wannan ba sai Larabar da ta wuce, tsakiyar Sha'aban. Ranar aka buga mini waya cewa Nu'umanu ɗan marigayi Isma'ila ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. An sallace shi a Harami, muka kai shi maƙabartar Shara'i.

Ni ne Rabe, wanda ya yi sana'ar ɗaukar ruwa a unguwar Jarwal tun ana hawa tudu da garwa biyu a kafaɗa. Ban yi makaranta ba. 'Yata Mariama ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Nu'umanu, ni na kai ruwan da mahaifiyarka ta yi jegonka da shi. Na ga girmanka, na ga ranar da ka zama mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. In zafi ya tsananta ba ka jiran a kira ka, sai ka bi gidajen tsofaffin unguwar Mansur kana sauraron injinsu daga bakin ƙofa. Da gwiwata ta ƙi, kai ka tura ni a keke na yi ɗawafi, kana tsokanata wai na fi garwa nauyi.

A shekarar annobar nan, zaman gida ya sa ka ajiye akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a majlisinka, wato ɗakin baƙi, ka sa murjani a ciki, a garin da ba shi da teku. Ni murjani a wuyan mata na san shi. Kai ka nuna mini mai rai. Ka ce yawancinsa da haske yake rayuwa, a kunna masa fitila shi ke nan. Sai ka zaɓi wanda haske bai dame shi ba, mai zama a kogunan ƙarƙashin ruwa, launinsa ruwan lemo, jikinsa duk ƙananan bakuna. Kowane baki sai an ba shi nasa da sirinji, niƙaƙƙen jatan lande. A rage, yunwa ta cinye shi a hankali. A ƙara, ruwan ya ruɓe ya kashe su duka. Mai shagon da ya sayar maka a Jidda ma ya gaya maka ba kasafai suke daɗewa a hannun mutum ba.

Asalinsu sai duhu ya yi suke buɗewa. Ka yi ta sauke labule bayan la'asar, kana zama kan ƙaramar kujerarka, hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, har suka san lokacin. Na sha yi maka faɗa, mutum da iyalinsa ya zauna yana ba dutse abinci a baki. Ba ka taɓa musa mini ba, sai rana ɗaya da ka ce, "Baffa, kyanwa in ta ji yunwa tana kuka. Waɗannan ba su da murya. Ni na raba su da teku, ni za a tambaya."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni tun da muka baro ka.

A majlisin aka yi zaman makoki. Fitilu a kunne, labule a ɗage, wani ya zare wayar injin da ke juya ruwan ya sa butar shayi. Ba wanda ya tuna da bakunan nan sai mahaifiyarka, Hajiya Ɗaso. Ta leƙa ta gan su a tsuke, ta ce abin ɗanta ba shi da lafiya, ta ɗauko jarkar zamzam ta juye musu tana addu'a. Wa zai ce mata ta yi kuskure? Zamzam ba ya cuta. Amma su a cikin gishiri Allah Ya halicce su. Kafin a tashi makoki rabinsu sun saɓule, naman ya bar farin ƙashi mai ramuka, kowane rami gurbin baki guda. Har yau ba a gaya mata ba.

Ɗanka Abdulilah yaron kirki ne, amma ya gaji. Ya ce mini, da Larabcinsa, wai mai shagon ya ƙi karɓarsu, ya ce ba za su kai azumi ba, gara a zubar da ruwan a huta. Na ce a bar ni da ɗakin tukuna.

Na mayar da wayar injin, na ture kujerarka can lungu don kada in yi tuntuɓe, na fita sallar la'asar. Da na dawo na sauke labule. Ban zuba komai a ruwan ba, ko ƙamshin abinci babu. Sai suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, suna miƙo siraran yatsunsu. Ruwa yana kaɗawa hagu, su duk sun karkata dama, wajen da kake zama. Na waiwaya zan jawo kujerar, na tarar da ita a nan jikin gilashin. Na tambayi mutanen gida, kowa ya ce bai shiga ba. Matarka Tahani, da ke takaba a ɗakin da ke jikin majlisin, ta gaya wa Mariama cewa kullum war haka tana jin ana jan kujerar, ta ɗauka yara ne.

Matattu ba sa dawowa. Haka aka koya mini, haka na yarda. Abin da na gani kawai na faɗa.

Na zauna na ba su. Ban iya sirinjin ba, rabin abincin a ƙasa ya zube. Wasu suka karɓa, suka dunƙule a hankali kamar hannun jariri. Wani gungu kuwa ya ƙi nawa, ya kuma ƙi rufewa, yana nan a buɗe har aka kira magariba.

Na ce wa Abdulilah, "Ba za a zubar da ruwan nan ina da rai ba. In sun mutu, a hannuna za su mutu, a tambaye ni, a ƙyale ubanka ya kwanta."

Allah Ya jiƙanka, Nu'umanu, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya ɗakunan tsofaffi, Ya sauke maka haƙƙin mai murya da marar murya. Ina yi wa Hajiya Ɗaso ta'aziyya, da Tahani, da Abdulilah da ƙannensa, da duk mutanen Mansur. Allah Ya ba mu haƙuri.

Gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da asuba zan hau motar Jidda da jarkokin ɗebo ruwan gishiri. Zan zauna a shagon mutumin nan, ba zan tashi ba sai ya koya mini awon gishiri da na abinci, ko da zai yini yana maimaitawa. Amma dole in dawo kafin la'asar. Ina so in sun buɗe baki, ni za su tarar a kan kujerar.