Kawu Isa, Wanzamin da Ya Ajiye Aska

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isa wanzami na Sule Tankarkar. Allah ya jiƙansa.

Ina firamare ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyin da ba mai ji sai shi, barci ya ƙaurace masa. An sha rubutu, an yi turare, daga baya aka kai shi asibiti a Gumel. Ƙwayoyin da aka ba shi suka kwantar da muryoyin, Kawu ya dawo mana har da barkwancinsa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Maganin ya zo da nauyin barci da bushewar baki, hannunsa kuma ya kama rawa. Masu kiransa askin suna suka fara janyewa. Abokansa na kasuwa suka ce, "Malam Isa, ai ka warke, bar ƙwayar nan ka kama sana'arka."

Ya bari a ɓoye. Hannun ya tsaya, amma kafin kaka muryoyin suka dawo. Aka mayar da shi kan maganin. Da ya sake samun kansa, sai ya naɗe zabirarsa ta aski ya miƙa wa ƙanensa, ya koma noman gero. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, gadon Baba fa?" Ya ce, "Hadiza, aska ba ta rasa magaji. 'Ya'yana kuwa uba ɗaya gare su."

Sai da na shiga jami'a na karanta cewa likita na iya rage maganin, ko sauya shi, ko haɗa shi da mai sassauta rawar. Kawu bai taɓa faɗa wa likita zancen rawar hannun ba. In an tambaye shi jiki, sai ya tura hannun cikin riga ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." A ganinsa, kai ƙarar maganin da ya cece ka butulci ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Nakan tsaya gaban shagunan aski na Maigatari in yi tunanin abin da zai ce yau. Na san dariya zai yi: ga inji na rawa a kan mutane, ba wanda ya gudu.

Bai bar shago ba, bai bar suna a sana'a ba. Amma 'ya'yansa sun tashi a gaban uban da yake gane su, har ranar da ya cika yana kiran kowa da sunansa.