Igiyar da Audi Ya Dawo da Ita

Audi mai rijiya maƙwabcina ne a Daura, katanga ɗaya ta raba mu. Gajere ne, baƙi wuluk, ga taurin kai kamar na jakin da ya ga kwalbati. Ni tela ne, kuma shekara ashirin ina ɗinka masa wando yana cewa na matse masa ƙugu. Rabin rijiyoyin unguwarmu shi ya haƙa su, har Mashi da Baure ana zuwa ɗaukarsa a babur.

Da burtsatse ta yi yawa, aikin rijiya ya ja baya. Audi ya zauna babu aiki wata biyu, sannan wata safiya ya shigo shagona ya ce zai tafi Libiya. Na ce masa, "Kai da ko Kano ba ka kwana?" Ya ce ƙasa dai ƙasa ce, ko'ina ana haƙa ta. Ya bi ta Kwangwalam da Damagaram da Agadas, ya ƙare a wata gonar dabino a kudancin Libiya.

Su tara ne a gonar, duk baƙaƙe: 'yan Nijar, 'yan Mali, wani Kirista ɗan Ghana, sai shi da Munzali, wani saurayi ɗan Dutsi da ya baro gida yana da shekara goma sha takwas. Mai gonar bai taɓa tambayar sunan kowa ba. Kalma ɗaya yake kiran su da ita, wadda ma'anarta bawa. Kofin shan ruwansu daban ne, an rataye shi a jikin bishiya. Ranar Juma'a in Audi ya haɗa kafaɗa da na kusa da shi a sahu, sai mutumin ya matsa. Audi ya haɗiye duk wannan, don neman abinci ne ya kai shi. Ni da nake jin labarin a kan keken ɗinki, raina ya fi nasa ɓaci.

A shekara ta uku Munzali ya faɗo daga kan dabino da hantsi. Kafin azahar ya cika. Mai gonar ya zo ya duba daga nesa, ya ce wa direbansa ya sa gawar a bayan mota ya kai ta bayan tudun yashi ya ajiye. Haka ake yi da irinsu, babu takarda, babu mai tambaya.

Audi ya hau bayan motar ya zauna kusa da gawar, ya ƙi sauka. Larabcinsa na makarantar allo ne da na kasuwa, amma ya ishe shi. Ya ce, "Wannan mutum ne. Sunansa Munzali, uwarsa Kulu tana nan da rai. Za a yi masa wanka, a yi masa salla, a rufe shi." Mai gonar ya ce zai kira masu bindiga su kwashe su duka. Kowa a wurin ya san ba wasa yake ba, sun ga waɗanda aka kwashe. Audi ya ce, "Ka kira su. Amma ka bari sai bayan la'asar."

Sauran bakwai suka ajiye kayan aiki suka zo suka kewaye motar. Direban ya kashe inji.

Audi ya taka har wurin limamin ƙauyen ya nemi gurbi a maƙabarta. Limamin ya sunkuyar da kai ya ce maƙabartar ta dangi ce, ba za su yarda ba. Ya nuna masa bayan katanga, inda ƙasa take da dutse, ya ce in zai iya can, babu mai hana shi. Ina jin sun ɗauka zai taɓa sau biyu ya haƙura. Ba su san wanda ya fasa marmara a Baure gaba goma sha biyu ba.

A wurinmu kafin a haƙa kabari, da karan dawa ake auna mamaci daga kai zuwa ƙafa, a kai wa masu haƙa. Can babu kara. Audi ya ɗauko igiyar ɗaure buhun dabino, ya auna Munzali da ita, ya yanke daidai tsawonsa. Ya shimfiɗa ta a ƙasa ya shata, ya ɗauki diga. Ya haƙa uwar kabari, ya haƙa 'yar ciki, yadda ake yi a Daura, rana tana dukan ƙeyarsa, tafin hannunsa ya fashe. Ɗan Ghana ya kawo farin zanen gadonsa aka yi likkafani. 'Yan Mali suka yi wanka. Audi ya ja salla, aka jera rassan dabino, aka mayar da ƙasa.

Mai gonar ya cika alkawarinsa washegari. Audi ya yi wata huɗu a tsare, an karɓe wayarsa da takalmansa da hularsa. Igiyar ce kawai ba su gani ba, don ya zare tazugen wandonsa ya zura ta a madadinsa. Da ita ya hau jirgin da ya dawo da waɗanda aka koro zuwa Kano.

Ya iso Daura ya rame har na kasa yi masa tsiya. Kwana ɗaya ya huta, ya ce in raka shi Dutsi. Na rufe shago muka hau babur.

Mun tarar da Kulu a tsakar gida tana sussukar gero, doguwar tsohuwa mai ƙarfi. Labarin rasuwar ya riga mu zuwa da watanni, amma babu wanda ya iya gaya mata inda aka kai ɗanta, kuma ta ji abin da ake yi da gawar baƙi a can. Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Ba ta jira mun gama ba.

"Malam Audi, gaya mini gaskiya. An rufe shi?"

"An rufe shi, Inna. Da hannuna na haƙa. An yi masa wanka, an yi salla, fuskarsa na kallon alƙibla."

Ya ciro igiyar daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce da ita ya auna shi. Kulu ta karɓa ta warware. Ta miƙe tsaye, ta taka bakin igiyar da babban yatsanta, ta ja ɗaya bakin sama. Ya wuce kanta da kusan taƙi guda. Ta daɗe tana kallon hannunta a can sama.

"Ashe ya ƙara tsawo," in ji ta.