Zanen da Aka Ɓoye a Gude

Kabuga zuwa Gwarzo

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Asabar na shiga mota a Kabuga, jakar kayan zanena a cinya. An gayyace ni baje kolin zane-zane kan zamanin Turawa da sana'o'inmu na gado, saura mako uku, ban ja ko layi ɗaya ba. Abin da na riƙe kawai labarin kakata ne, cewa matan yankinsu sun riƙa ɓoye auduga don kada a kwashe ta duka zuwa ma'aunin Turawa.

A shingen bayan Rimin Gado ɗan sanda ya leƙo.

"Hajiya, mene ne a jakar?"

"Fenti ne."

"To, a shafa lafiya."

Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina buɗe ido ina rufewa, kukoki suna wucewa kamar tsofaffi masu dawowa daga masallaci.

Bakwai da kwata muka isa Gwarzo. Malam Sani, aminin mahaifina mai koyarwa a Islamiyya, ya sa aka kawo mini koko da ƙosai. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye shi tsofaffin masaƙan da za su san labarin, ya ce, "'Yata, masaƙan nan duk sun kwanta dama. Ki koma Kabo, ki nemi Inna Lami a Gude."

Gude

Sha biyu saura na sauka. Gonar auduga na bayan gidanta, ta yi fari tas, sai ka ce gajimare ne ya sauko hutawa.

Inna Lami ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Sai da na cinye tuwon dawa da miyar kuka ta buɗe adaka, ta fito da wani saƙi mai duhun shuni, ƙamshin baba bai bar shi ba.

"Uwata ta kaɗa zaren nan da audugar da ta ɓoye a ƙasan rumbu," in ji ta. "Da an gani, da mai gari ya ji."

Na shafa shi, sai na ji kamar ina jin kukan mazari a ɗakin.

"Inna, ki ara mini shi mutane su gani."

"A'a. Bature ma ya nema, uwata ta hana."

Idona ya cika da ƙwalla. Ta lalubo hannuna, ta ɗora mini mazarin uwar da ƙullin zare.

"Wannan ki tafi da shi. Amma ki rubuta sunanta a jikin aikin, da manyan baƙi. Tabawa. Ba a taɓa rubuta shi ko'ina ba."

A ɗakinta na kwana.

Komawa

Lahadi da hantsi na sami motar Kano, na shiga gida ana kiran azahar. Ban cire mayafi ba na ɗauki alƙalami na rubuta sunan.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Malam Sani, da Inna Lami. Tabawa kuwa, Allah ya kai haske kabarinta.