Mama Rifkatu Mai Riƙon Ƙwarya

Kafin masu shayi su hura wuta a bakin tashar Illela, Mama Rifkatu ta riga ta share majami'a, ta yayyafa ruwa, ta wuce ɗakin wata mai jego ko wani mara lafiya. Baƙo zai ɗauka mai aiki ce. Ita ce kuwa Uwar Zumunta, shugabar matan ikilisiyarmu tun waɗanda ke aurar da 'ya'ya yau suna amare.

Sai dai ka kira ta shugaba ka ga ɓacin rai. "Shugaba na sama," take cewa. "Ni riƙon ƙwarya nika yi." Mun sha yi mata tsiya, wane irin riƙon ƙwarya ne har furfura? Dariya kawai take yi.

Maƙwabciyarta Ramatu, matar wani malamin makarantar allo, ta ce ranar da naƙuda ta zo mata da gardama, Rifkatu ce ta goya ta har bakin titi. Irin wannan shaida ba ta ƙirguwa.

Bana ƙafa ta fara ba ta wahala, ta ce za ta sauka. Nan zumunta ta nemi darewa biyu. 'Yan mata na son Hannatu, malamar firamare mai kaifin baki, wadda ta taɓa tashi a tsakiyar taro ta ce Mama ta yi kuskure. Tsofaffi suka rantse in aka ba yarinyar nan, sun bar zuwa.

"Ki zamna har mutuwa, ko ki ba ɗiyarki," in ji su.

"In ba ta mi?" ta ce. "Abin da ba nawa ba? Ran da Hannatu ta tsaishe ni, gaskiya gare ta. Ubangiji ya wanke ƙafafun almajirai nai, ni wa ce da ba a gyara mani?"

Aka yi addu'a, aka yi zaɓe, Hannatu ta ci. Ba wadda ta fita.

Mama, ke ce kika nuna mana cewa mai mulki ma yana da Mai shi. Uwa mai tsintsiya, mun gode, kuma wallahi za mu yi kewar faɗanki. Duk wanda aka ɗora a kan mutane, a majami'a ne ko kasuwa ko ofis, ya zo ya ga yadda ake sauka.

Ranar ban kwana Mama ta buɗe jakarta ta fito da ƙwarya ta gaske, tsohuwa, an ɗinke ta a gefe. Hannatu ta miƙa hannu ɗaya tana hawaye.

"Hannu biyu, ɗiyata," in ji Mama. "Mai ita na kallo."